Babi na Bakwai: Gwangwanin Gwaggo

Gwaggona ta kira ni da sassafe cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai kan tashi mutum daga barci tun kafin ladan. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ta ce, "Ɗan nan, ka taho ka gani. Tsuntsun ga ba shi lahiya, gashinai na ta zuba." Na ce, "Gwaggo, yana cin abinci?" Ta ce yana ci. Yana surutu? Ta ce tun asuba ya hana ta sakat. Na ce to ga ni nan tafe, amma don Allah kada a ba shi komai kafin in iso. Na san hannunta. Kaza in ta yi sanyi barkono ne a ruwa, akuya kuwa kafso, kuma ban so aku ya shiga wannan layin ba.

Gidan yana Yantala ta ƙasa, a gangaren da ke fuskantar kogin Isa. In ka fito ka miƙe, ba da jimawa ba sai ga ka a lambunan bakin ruwa, inda ake noman salati da kabeji da zogale, masu dashen itatuwa kuma sun jera ledojinsu a gefen hanya. Can sama ofisoshin jakadanci ne da dogayen katangu. A nan ta zauna tun da mijinta ya kawo ta daga Dogon Dutsi, kuma har yau harshenta bai bar Arewa ba.

Akun ya girmi autanta. Mijin nata, marigayi Alhaji, direban babbar mota ne a hanyar Kwatano, shi ya zo da shi cikin kwali a farkon shekarun 1990, idonsa baƙi ƙirin. Baƙin idon nan shaidar ƙuruciya ce, don aku in ya girma idonsa kan washe ya koma rawaya mai haske. Irin toka-tokan nan ne mai jar jela, wanda yara ke tsokana da aku-kuturu. Ba ɗan ƙasarmu ba ne. Gidansu kurmi ne, daga Gana da kudancin Nijeriya zuwa Kamaru da Gabon da Kwango, har gefen Yuganda. Danginsa na nan su ne tsirya, koriya mai doguwar jela, wadda za ka ji ƙararta da yamma tana wucewa bisa itatuwan unguwa, da guntun nan mai kai toka-toka da ciki rawaya wanda masu Faransanci ke ce wa yuyu.

Na iske ta a rumfa da gwangwanin madara a cinya. Ashe duk gashin da tsuntsun ya yar a shekarun nan, in dai babba ne, ɗauka take ta adana. Ta ce gashin aku ba a barinsa ƙasa, ba ka san hannun da zai faɗa ba. Ta zaro guda huɗu dogaye, kowanne ya kusa taƙi, ta miƙo mini.

"Duba. Shekara talatin muna tare, ban taɓa ganin irin wanga ya faɗi ba. Baki ne. Ranar sunan nan wata ta zo ta yi ta yabon shi, ko tubarkalla ba ta ce ba."

Na roƙe ta ta bar ni in juye gwangwanin a tabarma. Da na baje su sai abin ya fito fili. Banda jajayen jela, kusan duk gashin fiffiken da ke ciki guntaye ne, rabi-rabi, bakinsu a miƙe ɗoɗar kamar an gwada da ma'auni. Huɗun da ke hannuna ne kaɗai cikakku.

"Gwaggo, wa ke yanke masa fiffike?"

"Mai gidan ga, Allah shi jiƙan shi. Ni ban iya ba, cizo gare shi."

"Tun da ya rasu fa?"

Ta yi shiru. Shekara uku ke nan da rasuwar Alhaji, kuma tun daga ranar almakashi bai sake taɓa tsuntsun ba. Guntayen da ya bari sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, cikakku sun maye gurbinsu, sun yi zamaninsu, ga shi yanzu su ma lokacinsu ya yi. Tun zuwansa gidan yake zubar da gashin fiffike. Bambancin kawai, a da guntu ke faɗuwa, guntu kuwa ba ya tsorata kowa.

Gashin tsuntsu, in ya gama fitowa, matacce ne. Da abin da aka yi farce da ƙaho aka yi shi, wato keratin, sai dai farce in ka yanke yana ci gaba da turowa daga gindi, gashin tsuntsu kuwa da zarar ya kai tsawonsa ya tsaya ke nan. In ya karye ba ya warkewa, in ya koɗe ba ya sake launi, in an yanke shi haka zai zauna guntu. Rana na cinsa, ƙura na cinsa, gogar keji na cinsa. Mafita ɗaya ce, a yar da tsohon a fito da sabo daga ramin da ya bari, kuma sabon ne ma ke tunkuɗo tsohon daga ƙasa, kamar yadda haƙorin girma ke tunkuɗe na nono. Maciji na yin saɓa a rana ɗaya. Tsuntsu ba shi da wannan gatan, don da rigar tasa yake neman abinci, da ita kuma yake gudun shaho.

Saboda haka kowane iri da dabararsa. Kirinjijiya da sauran agwagin ruwa kan zubar da gashin fiffike gaba ɗaya, su yi makonni ba sa iya tashi, suna laɓe cikin ciyawar ruwa har sabo ya fito. Macen cilakowa ta fi kowa wayo: in ta shiga kogon itace yin ƙwai aka liƙe ƙofar, sai ta yi amfani da zaman ta zubar da na fiffike da na jela, namiji na miƙo mata abinci ta ɗan tsagin da aka bari. Aku ba ya da ruwan da zai ɓuya, ba a kuma liƙe shi a kogo, sai ya bi hanyar biya kaɗan-kaɗan. Manyan gashin da ke ƙarshen kowane fiffike guda goma ne. In ka ƙirgo daga gaɓar fiffiken zuwa waje, galibi na shida ke fara faɗuwa, daga nan abin ya bazu hagu da dama, sai wanda ya faɗi ya yi nisa da fitowa kafin maƙwabcinsa ya bi. Abin da ya faɗi a fiffiken dama, takwaransa na hagu zai biyo shi cikin ƴan kwanaki, don kada tashi ya karkace. Kowane gashi ƴan milimita kaɗan yake ƙaruwa a yini, dogo guda kan ci wata ɗaya da rabi ko biyu. Ƙananan tsuntsaye kan gama zagayen cikin shekara. Babban aku yakan kai shekara biyu bai gama ba, shi ya sa za ka ga kamar kullum akwai abin da ke faɗuwa.

Na jera mata huɗun a tabarma. Biyu sun lanƙwasa dama, biyu hagu, kuma kowanne da abokin tsawonsa. Na nuna mata gindinsu: busasshe, fari, haske na ratsa shi, bakinsa ya tsuke sumul, babu jini babu nama. Gefunansu kuwa sun ɗan cinye, launin ya dushe. Gashin da ya cika kwanansa ke nan. Muka zauna muna jiran tsuntsun ya yi miƙa, don ba mai iya buɗe masa fiffike da hannu ya tsira da yatsa. Can sai ya miƙe ƙafa ɗaya da fiffike ɗaya tare, yadda suke yi, sai ga giɓi a tsakiya kamar wawulo, a cikin giɓin kuma ga wani abu mai kama da tsinke, baƙi-baƙi, a cikin farin kube. Da ya miƙa ɗayan, giɓin na nan a daidai wurin.

Wannan tsinken shi ne abin kiyayewa. Sabon gashi da rai yake fitowa, akwai jijiyar jini a cikin karansa tana kai masa abinci, shi ya sa gindinsa ke yin duhu. Yana tsawo jinin na janyewa baya, kuben na bushewa, tsuntsun na ɓarje shi da baki, sai ka ga ƙasan keji ya yi fari kamar amosani. Na kansa da na ƙeyarsa ne ba ya iya kaiwa. A daji abokin zamansa ke ɓarje masa su, a gida kuwa sai ka ga ya sunkuyar da kai yana turo maka, susa yake roƙo. A wannan lokaci yakan yi saurin fushi, ya rage surutu, ya yawaita gyangyaɗi. Ba abin mamaki ba ne, gashi kusan kashi 90 cikin 100 furotin ne, kuma daga jikinsa yake cire shi.

Ni da hannuna na koyi darajar ɗanyen gashi, kuma ban koya da daɗi ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu na sayi tsirya hannun wasu yara da kuɗin da na tara na salla. Aka ce mini in ban yanke fiffike ba za ta gudu. Na saci almakashin ɗinkin innata, na kama ta, na datse gaba ɗaya tun daga kusa da nama, har da wasu guda biyu masu duhun gindi da ban san ma'anarsu ba. Jini ya dinga ɗiga a yatsuna. Karan gashi kamar bututu yake, ba ya tsukewa yadda fata ke yi, sai ya yi ta zuba. Na sa ta a kwando na rufe da tsumma don kada a gani. Da safe na iske ta kwance a gefe guda. Sai da na girma na san lissafin. Jinin tsuntsu wajen kashi ɗaya ne cikin goma na nauyinsa, kuma kashi ɗaya cikin goma na jinin nan ne kawai zai iya rasawa lafiya. Aku mai giram 400, abin da zai iya zubarwa bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Tsirya ba ta kai sulusin nauyinsa ba. Da na san in barbaɗa garin masara in danne wurin da yatsa na ƴan mintoci, mai yiwuwa da ta kwana. In jinin ya ƙi tsayawa, aikin likitan dabbobi ne ya zare karan daga tushe.

Ban ga laifin Alhaji ba da ya riƙa yanka. Gidajenmu a buɗe suke, sama shirwa, ƙasa kyanwa, a ɗaki fanka, a tsakar gida tukunyar mai a wuta. Akun da ya tsere bai san hanyar gida ba, sau da yawa ma bai san yadda ake saukowa daga dogon itace ba, don bai taɓa koyo ba. Amma yankan da aka saba yi a nan, na fiffike ɗaya, mugun yanka ne. Hikimar wai tsuntsun ya karkace in ya tashi, to karkacewar ce ke kayar da shi. Aku mai nauyi ne, in ya faɗo a siminti da gabansa yake sauka, fatar da ke kan ƙashin gaba ta tsage, kuma wurin ba ya saurin warkewa. Sannan sabon gashi a fiffiken da aka datse shi kaɗai yake fitowa tsirara, babu tsofaffi a gefensa da za su kare shi, bugu kaɗan ya karye. Bakin guntun kuma yana sukar haƙarƙari, tsuntsun ya kai baki ya tauna, daga tauna guntu ya wuce tauna lafiyayye. In dole sai an yanka, a rage ƴan na waje a fiffike biyu daidai wa daida, yadda zai iya saukowa a hankali, a kauce wa mai duhun gindi, ƙarami kuma a bar shi ya fara iya tashi da sauka tukuna. Ni dai in ana iya rufe taga, na fi son a rufe taga.

Amma abin da ya tsaya mini a rai tun shigowata ba ya cikin gwangwanin. Yana jikin tsuntsun, a fili, kowa na gani. Ƙirjinsa, wuri kamar tafin hannun yaro, babu gashi sai ɗan furfurar laushi nan da can, fata a waje. Cinyoyinsa ma sun fara. Na nuna mata.

"Wanga ai ya daɗe," in ji ta. "Zahi ne. Riga ya tuɓe."

Na yi dariya, amma zuciyata ba ta yi ba. Canjin gashi na gaskiya ba ya barin fata tsirara, don kafin ɗaya ya faɗi na ƙasansa ya taso, na gefe kuma sun rufe. Duk inda ka ga fili a jikin aku, wani abu ne daban. Hanyar ganewa kuwa mai sauƙi ce, ka dubi kai. Kan wannan tsuntsu lulluɓe yake, kowane gashi a wurinsa kamar ɓawon kifi. Filin ya tsaya daidai inda bakinsa ke iya kaiwa. Shi ke fige kansa. Na duba ƙasan kejin, ga ƙananan gashi a tattaune, karansu a farfashe, waɗanda Gwaggo ke sharewa kullum don ba su kai na gwangwani ba. Abin da ba komai ba ne ya hana ta barci, wanda ke cin tsuntsun kuwa ido ya saba da shi har ya samu suna.

Figar kai ba ta da dalili guda, kuma duk wanda ya ce maka yana da maganinta a kwalba, kuɗinka yake so. Wani lokaci ciwo ne a ciki, hanta ko huhu ko fata, shi ya sa ya kamata likita ya fara dubawa. Amma ko ba ciwo, dubi inda muka ajiye shi. Tsuntsu ne na ƙasar da ruwa ke sauka mafi yawan shekara, iska jiƙe, ganye jiƙe. Mun kawo shi garin da damina ba ta wuce wata huɗu, inda da hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, leɓen mutum ma tsagewa yake. Gwaggo ba ta taɓa yi masa wanka ba, tana tsoron sanyi ya kama shi. Da dare ga hayaƙin maganin sauro, ranar Juma'a ga turaren wuta, kejin kuma rataye kusa da murhu. Huhun tsuntsu ya fi namu saurin ɗaukar abin da ke cikin iska nesa ba kusa ba. Ga fitila da talabijin har tsakar dare, alhali a ƙasarsu dare da rana kusan raba daidai suke, kuma tsawon haske na cikin abubuwan da jikin tsuntsu ke auna lokacin canjin gashi da su.

Sai abinci. Na leƙa kwanonsa, gyaɗa ce da hatsi, da ɗan tuwon jiya. Haka yake ci tun zamanin Alhaji. Gyaɗa mai ce zalla a wurinsa, yana sonta kamar yadda yaro ke son alewa, amma ba ta da bitamin A, ba ta da kalsiyam ɗin kirki, aku mai jar jela kuwa an san shi da saurin ƙarancin kalsiyam, har yakan kai shi ga faɗuwa da karkarwa. In gyaɗar ta yi fumfuna kuma guba ce ga hanta. A kurmi ƴaƴan itace iri-iri yake bi, musamman kwakwar manja, wadda jan namanta cike yake da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Abin haushin shi ne, duk abin da zai maye masa wannan yana nan a gangaren gidan. Karas, kabewa, gwanda, mangwaro, jan tattasai, ganyen zogalen da ake kwaɗa kopto da shi, ɗan dafaffen wake, ɗan dafaffen ƙwai sau ɗaya ko biyu a mako. Barkono ma yana ci, tsuntsu ba ya jin yajinsa. Aboka ce kaɗai a cikin kayan lambu na ja mata kunne a kai, don tana kashe su. Na ɗauki ɗaya daga cikin dogayen nan huɗu na ɗaga shi a rana, na nuna mata wasu siraran layuka da suka gitta shi, kamar inda aka naɗe takarda aka warware. Kowane layi rana ce da gashin ke fitowa jiki ya gaza, ko don yunwa, ko tsoro, ko ciwo. A nan gashi ke karyewa.

Muna cikin haka sai aka yi gyaran murya a bayanmu, aka ce, "Salamu alaikum. Hajiya, a kawo ruwa." Tsigar jikina ta tashi. Muryar Alhaji ce, da ɗan kaurin nan nata na mai shan taba, har da tarin da yakan biyo baya. Gwaggo ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ce kullum war haka yake yi, lokacin da marigayin kan dawo daga gareji.

"Yaushe ya fara tuɓe rigar, Gwaggo?"

Ta ƙirga da yatsu, ta tsaya. "Bayan arba'in."

Mu Hausawa da baki muka san aku. Tun da Abubakar Imam ya fitar da Magana Jari Ce a 1937, duk ɗan makaranta ya san shi a matsayin mai zance, mai wayon da ya kai shi sarauta. Ba mu cika tuna cewa tsuntsun garke ba ne, wanda kan kwana cikin ɗaruruwa a itace guda, ya yi tafiyar kilomitoci neman abinci, ya zaɓi abokin zama ɗaya ya manne masa. A gidan nan Alhaji ne abokin. Shi ke fito da shi ya ɗora a kafaɗa, shi ke sosa masa ƙeya, shi kaɗai ba ya cizo. Da ya tafi, sai aka bar ƙwaƙwalwar da ke iya riƙe muryar mutum shekara uku a cikin keji da kwanon gyaɗa, babu abin yi daga safe zuwa dare. Akun da ya fi kowane suna a duniya, Alex, wanda Irene Pepperberg ta yi bincike da shi a Amurka daga 1977 har mutuwarsa a 2007, ya iya faɗin launi da siffa da adadin abubuwa, ga mutane kewaye da shi kullum, amma shi ma ya taɓa figar kansa. Balle wanda ba mai kula shi sai in an zo zuba ruwa.

Akwai abu ɗaya da na so in kawar kafin in tafi. Na sa jikanta ya ɗauke masa hankali da ɓawon mangwaro, na shafi bayansa da sauri na janye. Yatsuna suka fito da farin gari kamar na taɓa alli. Alhamdu lillahi. Aku yana da wani irin gashin laushi da ke dagargajewa ya zama hoda, da ita yake gyara sauran, ita ce kuma ke sa bakinsa ya yi kamar an barbaɗa masa toka. Akwai cutar da ake kira ta baki da gashi, ƙwayar birus ce, a Ostareliya aka fara bayyana ta a shekarun 1970, yanzu kuwa ta bi kasuwar tsuntsaye ta zagaye duniya. Hodar nan take fara kashewa, sai baki ya koma baƙi mai sheƙi. Gashi ya riƙa fitowa a murɗe, guntu, da busasshen jini a kara, ya faɗi bai buɗe ba, kuma ba ta barin kai. Ba ta da magani, tana bin ƙurar gashi da kashi daga wannan keji zuwa wancan. Ƙanana ta fi kamawa, ta kashe su da wuri.

Shi ya sa da babban ɗanta ya leƙo ya ce shi a ganinsa mata za a saya wa tsuntsun a huta, na ce masa, "Yaya, a bar wannan maganar." Ba ka san abin da sabon zai shigo da shi ba, ba ka kuma da tabbacin za su shirya. Ga shi hanyar da aku ke bi ya iso Yamai ba ta da kyaun ji. Da danƙo ake kama su a kurmi, a shafa a sanda a ɗaure wani a kusa yana kira, waɗanda suka sauka su manne. A ɓamɓare su, gashi na tsinkewa, a datse fiffike, a cusa su a akwati, da yawa ba sa kaiwa kasuwa da rai. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A shekarar ta 2016, a taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg, aka sa shi a jerin farko, wato an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Lokacin da Alhaji ya sayo nasa wannan dokar ba ta zo ba. Yau ta zo.

Jajayen jelar kuwa na mayar mata da su gwangwani da kaina. Goma sha biyu ne a jikinsa, su ma bi da bi suke faɗuwa. Jan nasu ba daga abinci yake ba, jikin aku ne ke haɗa launinsa, irin da ba a samu a sauran tsuntsaye. A ƙasar Yarabawa gashin nan na da daraja a sarauta da addinin gargajiya, a nan ma Gwaggo ta ce akan zo roƙonsa don haɗa magani, har da mai tayin jikka guda a kan ɗaya. Wanda ya faɗi da kansa takan bayar in ta ga dama. Wata ta taɓa cewa a fizge mata sabo, wai ya fi ƙarfi, Gwaggo ta raka ta har ƙofa. Ta yi daidai ko da ba ta san dalili ba: gashin da aka fizge yana sake fitowa cikin makonni, amma in aka yi ta maimaitawa ramin kan mutu, wurin ya zauna fili har abada. Wannan ne ma tsorona game da ƙirjin.

Na bar mata buta mai feshi irin ta masu guga, na ce da hantsi, in rana ta ɗaga, ruwa zalla. Aka ɗauke kejin daga gefen murhu aka kai rumfa, inda mata ke tsintar shinkafa ana hira, inda kuma hasken safe ke taɓa shi kafin ya yi zafi. Na ce a riƙa sa masa ɗanyen reshen mangwaro da totuwar masara ya yi ta ɓarna, gyaɗa kuma a daina zubawa a kwano, a ƙulle ƙwaya biyu-uku a takarda ya sha wuya kafin ya ci. Ta ce wannan ai wulaƙanci ne. Na ce ta gwada.

Ban koma ba sai cikin Agusta, kogi ya ciko ya yi ja, mulufi ya sa jar rigarsa a ciyawar bakin lambu. Ta ce ranar farko da ta fesa masa ruwa ihu ya yi kamar ana yanka shi, rana ta huɗu ya buɗe fukafukai ya sunkuya, yanzu in ta makara shi ke kiran buta da irin ƙarar feshin. Karas ya yi mako biyu yana jefarwa. Ƙirjin ya yi tsinke-tsinke a gefe, fararen kube sun fito kamar ƙaya, amma tsakiyar na nan fili, kuma ban ce mata zai rufe ba. Giɓin fiffiken ya cike, wani sabo ya buɗe kusa da shi.

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin, ta buɗe. A kan gashin ga almakashin Alhaji, ƙarami, mai baƙin hannu, ya fara tsatsa.

"Shekaranjiya ya tashi," in ji ta. "Cikin ɗaki. Daga bakin gado har bisa kwabat, ya kayar min da kwanoni ukku." Ta juya almakashin a hannu. "Kai ka iya?"

Na ce na iya, amma akwai ɗanye guda biyu a kowane gefe, ko za a yi sai sun bushe, nan da wata guda ko fiye.

Ta mayar da shi ta danne murfin da tafin hannu. Ta ƙwala wa jikanta kira ta ce ya je ya gaya wa mai walda ya zo ya auna tagar ɗakin, da ƙofar ma, raga take so mai ƙananan ido.